Inna, na gyara madafarki da hannuna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Ladi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan rana ta same ki cikin ni'imarsa, ya yalwata miki makwancinki a can Gadarif, inda gudun yaƙi ya kai mu, kika rasu a ɗakin aro. Na san takarda ba ta isa inda kike. Ina rubutawa ne a shafina, inda dangi na kusa da na nesa za su gani, kuma ban damu da wanda zai ji zafi ba.

Ni ce Rakiya. Na koma Omdurman, Inna. Na koma gidan da kakanmu ya gina da laka lokacin da ya sauko daga hajji ya fasa ƙarasawa Haɗeja. Wata shida ke nan ina ciki, kuma labarin madafarki nake so in ba ki, ɗakin nan da kika ciyar da mu daga cikinsa da kisra, wainar dawar nan mai faɗi marar kauri, da ƙosai tun ranar da ciwo ya kwantar da Baba.

Ranar da raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta sauke ni a bakin layinmu, na wuce gidan ban gane shi ba, sai da na dawo da baya. Babu ƙofa. Ba karya ta aka yi ba, cire ta aka yi a tsanake aka tafi da ita.

Ban san ko su wane ne suka zauna a ciki bayan mun gudu ba, ba na kuma neman sani. Amma na san irin gidan da suka fito, domin sun bar mini tarbiyyarsu a ƙasa. A tsakiyar falon Baba suka hura wuta, da ƙafafun gadonsa. Sun farfasa bango sun zare wayar lantarki saboda tagullar da ke ciki. Sun cire famfo, sun ɗauki tukunyar gas, da tukwane, da cokula, har da ludayin duma da bai kai a durƙusa a ɗauka ba. Madafarki kuwa, wadda take taku goma daga falon, ita suka mayar banɗaki. Alhali banɗakin yana nan lafiyarsa ƙalau, a kusurwar da yake tun kafin a haife ni.

Na daɗe a tsaye a inda ƙofar madafar take a da. Ƙato da bindiga a kafaɗa, ya iya korar tsohuwa daga gidanta, amma bai iya bambanta inda ake dafa abinci da inda ake kama ruwa ba. Ban yi kuka ba, Inna. Irin waɗannan ba su kai a yi kuka saboda su ba. Yawu na tofar, na ɗaure hancina da ɗankwali, na leƙa. Rabin rufin ya rufta, damina biyu ta zuba a ciki, bangon gabas ya zaizaye har ana hango tsakar gidan maƙwabta ta cikinsa.

A ranar na kira Yaya Sale a Jidda. Ɗanki na fari, wanda bai zo jana'izarki ba saboda, in ji shi, aiki bai sake shi ba, amma ya sami lokacin ɗaukar hoton kansa da hannaye a sama, ya watsa wa duniya cewa addu'a yake yi miki. Bai ɗauki wayar ba. Da yamma ya aiko da dogon saƙon murya a kan falalar haƙuri. Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki a bayansa, ni kuma ina zaune a kan bulo a tsakar gida ina korar ƙuda. A ƙarshe ya ce kada in taɓa komai, zai turo osta, wato babban magini, ya duba.

Osta Jibril ya zo daga Kalakla bayan kwana uku, da farar jallabiya da takalmi mai sheƙi. Madafar ko leƙa ta bai yi da kyau ba. Ya tokari bangon da ƙafa, ya ce ginin laka ne, zamaninsa ya wuce, a rushe. Sannan ya zaro abin awo ya fita waje, ya shiga auna fuskar gidan ta bakin titi. Na bi shi na tambaye shi me ya haɗa titi da madafa. Bai ko ɗago ba ya ce, “Ustaz Salah ya ce in kawo masa tsawon gaba, mai saye yana so ya sani.”

Ustaz Salah. Haka ɗanki yake kiran kansa yanzu. Kuma a bakin baƙo na fara jin cewa gidanmu yana kasuwa.

Da na tsare Yaya a waya bai musa ba. Ya ce gidan ya zama kango, mace ita kaɗai ba ta kwana a kango, kuma duk wanda aka kira rabon gado, idan ya zo ya ga haka, sayarwa zai ce a yi. Ya ce in koma wurin kawu a Soba, ko ya nema mini hanya in je Jidda in taya matarsa kula da yara. Shekara ashirin ina koyar da lissafi a firamare. Mijina ya rasu na riƙe kaina. Ni na goya ki har bakin mota ranar gudu, ni na yi jinyarki har na rufe miki ido. Abin da ya ga ya dace da ni bayan duk wannan shi ne raino.

Amma a cikin maganarsa na tsinci abu ɗaya mai amfani. Idan kango ne hujjarsa, to zan cire masa hujjar. Gidan da ake girki a cikinsa, ake ci, ake kwana, babu dattijon da zai kalle shi ya ce kango. Sai na fara da madafa.

Na ari cebur da baro a wurin Hajja Batul, maƙwabciyarki ta shekara arba'in, wadda ta riga ni dawowa ta tarar da nata rabon. Kwana huɗu na yi ina kwashe ƙazanta. Ina farawa bayan sallar asuba, in tsaya idan rana ta take, in koma bayan la'asar. Na yi amai har na daina ƙirgawa. Ban tsaya a kan abin da ido ke gani ba. Na haƙe daɓen gaba ɗaya, na fitar da ƙasar can bayan layi, na zuba toka da farar ƙasa, na bar rana ta gasa wurin mako guda. Ruwa a wurin mai amalanken jaki nake saye, domin famfon unguwa bai dawo ba a lokacin.

Ki zo ki ga mazan layinmu, Inna. Waɗanda suka dawo suna wuni a gindin dalbejiyar bakin masallaci da kofin shayi, kuma tun da labari ya bazu cewa 'yar Hajiya Ladi tana gini, suka sami abin kallo. Wannan ya leƙo ya ce in fara da rufi. Wancan ya ce a'a, da tushe. Wani ya ce bai dace mace ta hau tsani ba, ya kuma tsaya yana kallon tsanin har na sauko. Duk cikinsu babu wanda ya ɗaga bokiti ɗaya. Su ne fa waɗanda suka ci kisrarki tun suna da baƙin gashi, suna cewa babu hannu irin naki a Omdurman.

Matar Yaya ita ma ba ta bar ni ba. A zauren dangi na waya ta riƙa turo hotunan ɗakunan girki na ƙasashen waje, masu farin dutse da fitilu a ƙarƙashin kanta, tana rubutawa a ƙasa: irin wannan ya kamata ki yi, idan har za ki yi. Matar da idan kika ba ta albasa sai ta nemi wanda zai yanka. Ban amsa mata ba. Hannuna ba shi da tsabtar taɓa waya.

Kuskurena na farko nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Na cike ɓarakar bangon gabas da jan bulo da na tsinto daga katangar da ta faɗi. Sannan na kalli wani bidiyo a waya, na sayi siminti, na shafe bangon laka da shi ciki da waje. Ya yi kyau ƙwarai, ya yi santsi kamar bangon asibiti. Har hoto na ɗauka na tura wa Yaya don ya ji haushi. Bayan kwana tara aka yi ruwan farko. Da gari ya waye na tarar simintin ya ɓamɓare ya zube, ya tafi da naman bangon tare da shi. Aikin mako uku yana kwance a ƙasa.

Nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar farko.

Hajja Batul ta leƙo da sandarta, ta dubi ɓarnar, ta dube ni. Ba ta ce mini sannu ba. Cewa ta yi, “Siminti ba ya kama laka, ya bitti, 'yata. Uwarki ce ba ta koya miki ba, ko ke ce ba ki tsaya kin koya ba?”

Ta san amsar.

Ita ta koya mini zibala, yaɓen da kuke yi wa bango kowace shekara kafin damina. Kashin jaki, da laka, da ƙaiƙayi, a jiƙa a rami a bar shi ya ruɓa kwanaki, sannan a shiga da ƙafa a tattake har ya yi danƙo. Na bi masu amalanke da buhu ina roƙon kashin jakunansu. Malama Rakiya, wadda yara ke miƙewa tsaye idan ta shigo aji, ga ta a cikin rami har ƙwauri, zani a tattare, Hajja Batul tana zaune a kujera tana nuna mini da sanda inda ban taka ba.

Warin ne ya dawo mini da ke. Na gan ki a jikin wannan bangon, hannu dumu-dumu, kina shafawa daga sama zuwa ƙasa, kina kirana in miƙo miki bokiti. Ni kuma ina ɗaki da littafi a fuska, ina yi kamar ban ji ba. Baba ya ɗaga murya zai yi mini faɗa, kika ce, “Bar ta, karatu take yi.” Ba karatu nake yi ba, Inna. Ƙyama nake yi. Tun da rabon raini nake yi a wannan takarda, ga nawa kason, na ɗauka.

Sau uku na yaɓe bangon, siriri-siriri, da tafin hannu, ina barin kowane ya sha iska kafin in ɗora wani. Fatar hannuna ta tsattsage har alwala ta zama azaba. Da aka sake yin ruwa na fita na tsaya a cikinsa ina kallon bangon. Ruwan ya bi jikinsa ya sauka. Ko ƙwaya ba ta faɗo ba.

Rufin ya buƙaci ƙarfe guda a madadin azarar da ta ruɓe, da kwano uku. Na tafi wata kasuwa da ta tsiro a bayan gari lokacin yaƙin, inda ake sayar da kayan gida na hannu, babu mai tambayar hannun wa. Firiji a jere, gadaje, fankoki, har da hotunan aure da ba a ma cire daga gilashinsu ba. A can, jingine da wata mota, na ga ƙofar madafarki. Shuɗiyar nan ta ƙarfe, da lotsawar da Baba ya yi mata da baro, da ƙugiyar da kike rataye rariya. Mai sayarwa, wani mai carbi a wuya, ya rantse da Allah daga gidan mahaifinsa ya ciro ta. Na tambaye shi me ake ratayewa a ƙugiyar. Ya ce makulli. Na biya abin da ya faɗa ban taya ba. Ban ga yadda zan tsaya ina ciniki da ɓarawo a kan ƙofar uwata ba, kamar ni da shi sa'annin juna ne.

Ɗora ƙarfen rufin ne kaɗai ya fi ƙarfina. Mai kawo mini ruwa, wani dattijo da ya girmi duk mazan gindin dalbejiya, ya tarar ina kokawa da shi. Bai ba ni shawara ba. Ya ɗaure jakinsa ya kama ɗaya gefen. Wurin saukewa ƙarfen ya danne mini babban yatsa, farcen ya yi baƙi, ya fita bayan mako biyu. Kwanon ni na buga shi, ƙusa bayan ƙusa, na karkatar da shi wajen lungu don ruwa ya daina kwanciya.

Akwai abin da na yi wanda ba gyara ba ne, ƙari ne. Kin tuna taga? Shekara talatin kina nuna bangon arewa kina cewa, “Da za a huda mini nan, hayaƙin ya sami hanya.” Baba ya ce bayan damina, har ya kwanta. Yaya ya ce idan ya fara aiki, sannan idan ya yi aure, sannan ya ce ai gara a rushe a yi miki kicin na zamani mai tayil. Kika ci gaba da durƙusawa a gaban kaskon kisra tun asuba, idanu jajur, har tari ya zauna miki a ƙirji, tarin da ya bi ki Gadarif.

Na huda tagar, Inna. Da guduma da wani guntun ƙarfe, na kafa katako a sama ya riƙe lakar, na fara bayan karin kumallo na gama kafin kiran azahar. Da hasken ya faɗo a kan gurbin murhu sai na zauna a ƙasa, na ji baƙin cikin da ya fi na ranar da siminti ya zube. Aikin rabin yini ne. Kuma mu duka, har da ni, muka bar ki da hayaƙi shekara talatin.

Saura ya zo da sauƙi. Na shimfiɗa yashi na jera jan bulo a ƙasa, ina dubawa da kwanon ruwa ko ya daidaita. Na shafa farar ƙasa sau biyu. Na kafa kanta da katakon tsohon gadonki, na mayar da shuɗiyar ƙofa gurbinta. Hajja Batul ta ba ni tukunya ɗaya da kasko daga cikin 'yan abin da ya rage mata. Babu gas, babu lantarki, gawayi na hura. Layin bulon da ke kusa da ƙofa ya ɗan karkace, duk wanda ya shigo zai gani. Na bar shi haka.

Mako biyu da gamawa sai ga Yaya Sale, babu sanarwa, shi da mai sayen. Hotunan da dangi ke yaɗawa ne suka taso shi, ya ga hujjarsa tana narkewa. Ya yi ƙiba, Inna. Turarensa ya riga shi shigowa, kuma yana riƙe da hankici a hanci a wurin da babu abin da ke tashi sai ƙamshin farar ƙasa. Na gaishe shi yadda kika koya mana a gaida babba: Yaya, sannu da zuwa, ya hanya. Ya amsa da Larabci, ba ma irin namu na Omdurman ba, irin na can da ya aro. Duk abin da na faɗa da Hausa sai ya mayar mini da Larabci, yana satar kallon baƙon, kamar harshen wani ciwo ne da ake ɓoye wa mutane.

Mai sayen, wani ɗan kasuwa mai shiru, ya leƙa madafar, ya shafa bangon, ya tambayi wanda ya yi aikin. Kafin in buɗe baki ɗanki ya ce, “Ma'aikata muka sa.” Na ɗaga hannuwana biyu a gaban fuskarsa, da yatsan da babu farce, na ce da Larabcin da kowa zai ji, “Ga ma'aikatan.” Baƙon ya sunkuyar da kai. Shi dai ya ji kunya.

A take na tuna ranar da Yaya ya zo da abokansa na sakandare, kina fitowa daga wannan ƙofar da tire a ka, fuska duk toka. Ɗaya ya tambaye shi wace ce wannan, ya ce mai yi mana kisra ce. Kin ji. Na san kin ji, domin kin ɗan tsaya kafin ki wuce. Da na kawo miki ƙara kika ce, “Ai bai yi ƙarya ba, ni nake yi muku.” Makarantar da yake taƙama da ita daga wannan tiren ta fito. Ke kin yafe tun a ranar. Ni ban iya ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa na iya ba.

Na ce ba na sayar da kasona. Aka kai magana gaban liman da dattawan unguwa bayan sallar Juma'a, suka zo da kansu suka zagaya gidan. Na kawo musu shayin da aka dafa a madafar. Yaya ya yi dogon bayani a kan rufin falo da ya tsage da haɗarin zaman mace ita kaɗai. Liman ya bari ya gama, ya ajiye kofi, ya ce shi bai ga kango ba, gida ya gani da mutum a ciki, kuma tun da fili yana rabuwa ba za a tilasta wa kowa sayarwa ba. Kashi biyu nasa, ɗaya nawa, yadda Allah ya hukunta, ban ja ba. Aka ce ya zaɓa. Ko numfashi bai ja ba ya ce gaba: falo, da ɗakuna biyu, da bakin titi. Aka bar mini baya: ɗakinki, da madafa, da banɗaki, da ƙaramar ƙofar lungu. Ya fita yana murmushin wanda ya yi wayo.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi asara. Lemun tsamin da kika shuka, wanda ya bushe ya sake tohowa, ya faɗa ɓangarensa. Ɗakin da aka haife mu ma haka. Cikin mako guda ya sayar, mai sayen ya ce shaguna zai yi. Igiyar da aka ja ta ratsa tsakar gida, ta bi ta daidai inda kike shimfiɗa tabarma da la'asar. Yanzu akwai katanga a wurin. Idan na fito daga ɗakinki, taku shida ne in taɓa ta. Ban ceci gidanki ba, Inna. Kusurwa ɗaya na ceta.

Ranar da zai koma, da hantsi, ya zagayo ta lungu shi kaɗai, wai ya zo ban kwana. Ya tarar ina kwashe tuwon dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen kifin Jabal Awliya, yadda kike yi. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ban ce ya shigo ba. Amma na ji muryarki kina cewa, “Wanda ya tarar da ke kina kwashe tuwo, zuba masa, ko wane ne.” Na zuba na ajiye a ƙasa.

Ya dubi kwanon, ya dubi lungun ko akwai mai kallo. Sannan ya tattare farar jallabiyar ya tsuguna a kan bulon da na jera, ya sa hannu. Bai ɗago ba har ya share kwanon. Sai ya ce, da Hausa, da muryar da na sani tun muna yara, “Rakiya, akwai ƙari?”

Na ƙara masa. Ya cinye, ya wanke hannu, ya tsaya kamar mai neman wata magana a aljihu. Na jira. Abin da ya fito shi ne direba yana jiransa. Ya tafi, ban raka shi ba. Ashe harshen yana nan a bakinsa, yunwa ce kawai take fito da shi.

Yanzu a ɗakinki nake kwana. An buɗe makaranta, na koma aji, yaran da suka dawo sun manta rabin abin da suka sani, muna farawa daga farko. Da la'asar Hajja Batul tana zagayowa mu sha jabana, gahawarmu ta nan, a bakin madafa, ta riƙa ba ni labarinki na lokacin da kuke amare, abubuwan da ba ki taɓa faɗa mini ba. Ashe kina da dariya mai ƙarfi, Inna. Ashe kina rawa. Ni a durƙushe na san ki, da baya gare ni, kuma ban taɓa zagayowa na kalli fuskarki da kyau ba. Kullum idan na kwaɓa kullu sai in ga hannuna ya koma irin naki, da kaushinsa da tsagarsa, in tsaya ina kallonsa har kasko ya yi zafi. Ina kewarki, Innata. Kisrata har yanzu tana yagewa a tsakiya, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sanyaya ƙirjin da ya wahala saboda mu, ya haɗa ki da Baba a Aljannar Firdausi. Ya saka wa Hajja Batul da dattijon mai ruwa da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kashe wutar da ta ci ƙasar nan. Waɗanda suka ɓata miki ɗaki na bar su da Mahaliccinsu. Yaya kuwa, na san da kina nan za ki ce in sa shi a addu'a. To ga shi na sa: Allah ya shirye shi. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan a yau.

Wassalam.

'Yarki,
Rakiya
Omdurman